Ni da Ruwan Bagaja

'Yan'uwa ɗalibai da malamaina, ina neman afuwa idan na fara da tona asirin kaina. A zangon karatun da ya wuce na karanta wa taron ƙungiyarmu babi biyu na wani labarin aljanu da nake rubutawa. Da na gama, wani malaminmu ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, Sindbad ka sa wa babbar riga." Aka fashe da dariya. Na koma ɗaki ina zufa, na tura takardun ƙarƙashin katifa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Don in huce, sai na shiga neman wanda zan kama da laifi irin nawa, kuma ban tsaya ko'ina ba sai kan Alhaji Abubakar Imam, wanda na karanta littafinsa Ruwan Bagaja tun ina firamare.

Kowa ya san a 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Imam a lokacin yana koyarwa a Midil ta Katsina, shekarunsa 22, watau tsarana ne. Ba wani ƙagaggen labari na boko da Hausa da zai duba ya kwaikwaya. To, ina ya samo? Shi da kansa bai ɓoye ba cewa ya ɗauki dabarar mutum biyu masu yi wa juna wayo daga Maƙamatul Hariri, littafin nan na mutumin Basra da ake karantawa a zaurukan malamanmu, inda Harisu yake ta cin karo da Abu Zaidu gari bayan gari. Manazarta kuma sun nuna akwai ƙamshin Dare Dubu da Ɗaya a ciki, da wata tatsuniyar Jamusawa da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara, ta ruwan da ke warkar da sarki marar lafiya.

Da na ga haka sai na yi murna, na ce ashe ɓarayin da yawa, ni ne dai aka kama. Na aro tatsuniyar Jamusawan daga laburare, na ajiye ta gefen littafin Imam, da niyyar in jera hujjoji in kai wa malamin.

A nan ne aikin ya juye mini. A tatsuniyar Grimm sarki ne ba shi da lafiya, 'ya'yansa uku suka fita neman ruwa, manyan biyu kuwa gadon sarauta suke hange. Imam ya ɗauke ciwon ya ɗora wa ɗan sarki, sa'an nan ya kawo liman, wanda ya ambaci ruwan a fada aka wulaƙanta shi. Saboda haka Alhaji Imam na cikin labarin bai bar Kwantagora don kwaɗayin mulki ba, ya fita ne don ya wanke dattijon da aka ƙaryata a gaban jama'a. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin an ci mutuncin mahaifinsa ya san wannan dalili ya isa ya kai mutum ƙasar aljanu, ba sai an yi masa bayani ba.

Haka kuma Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Abu Zaidu da fasahar Larabci yake damfara, da wa'azi da baitoci masu wuyar kalmomi. Zurƙe kuwa namu ne na kasuwa da gaban alƙali, a yi masa ya rama, ya yi a rama, sai ka ce abokan wasa, Bakano da Bazazzagi. (Ni dai har yau na fi son Zurƙe da jarumin kansa, kuma ina zargin marubucin ma haka.) Aljanun ma ba su cika littafin ba, yawancinsa rikicin mutane ne, shi ya sa idan an iso wurin abin al'ajabi mai karatu ya riga ya yarda da matafiyin.

Sai na jawo takarduna daga ƙarƙashin katifa. Jarumina yana cikin jirgin ruwa a teku, ni kuwa ban taɓa ganin ruwan da ya wuce madatsar Tiga ba. Na nemi dalilin fitarsa daga gida shafi bayan shafi, ban samu ba. Ashe ban ba shi ba.

A hutun da ya biyo baya na tafi ƙauye wurin kakata, na roƙe ta ta sake ba ni labarin tsohuwar rijiyar bayan gari, wadda ake cewa aljanu sun kafe ta don an hana wata baƙuwa ruwa. Ta ce, "Kai ɗan nan, da girmanka?" Amma ta ba ni, har da sunan unguwar da aka yi rowar, kuma ashe unguwarmu ce. Yanzu jarumina jikan matar da ta hana ruwan ne, 'yan mata ba sa karɓar toshinsa saboda gorin gidansu. Na jefar da jirgin, na bar tsuntsun Sindbad guda ɗaya don na kasa rabuwa da shi. Babi na farko yana hannun malamin nan tun makon jiya, bai ce mini komai ba tukuna.