Masu tara shirgi a idon telebijin

Ajiya ba aibi ba ce. Ɗan kasuwar da ya cika mangaza da wake lokacin kaka yana jiran bazara, mai hangen nesa ake kiransa. Ma'aikacin da ya adana takardar ɗaukarsa aiki a gindin akwati, shi ke dariya ranar neman fansho. Amma akwai wata ajiya wadda ba ta jiran kasuwa, ba ta jiran ranar amfani. Mai ita yana tara jaridu da kwalaye da gwangwanaye da takalman da suka mutu, har gado ya ɓace, murhu ya ɓace, ƙofa ta ƙi buɗuwa, kuma in aka taɓa masa leda guda sai ya ji kamar an fizge masa ɗa daga hannu. Wannan ciwo ne, likitoci sun san shi. A Amurka kuwa masu telebijin sun gano cewa haja ne mai tsada.

A watan Agusta na 2009 tashar A&E ta fara nuna wani shiri mai suna Hoarders, wato masu tara kaya, inda ake ɗaukar mutanen gaske cikin gidajensu na gaske. Kimanin mutum miliyan 2 da rabi suka kalli fitowar farko. Da shekara ta zagayo, a 2010, tashar TLC ta fito da nata, wanda rabin sunansa ke nufin an binne mutum da rai. Tsarin kusan ɗaya ne kowane mako. Ana samo wanda tura ta kai bango: hukuma za ta rufe masa gida, ko za a ƙwace masa ƴaƴa, ko matarsa ta ɗaure kayanta. Sai a kawo masa likitan halayyar ɗan Adam, da gwanin shirya gida, da ma'aikata masu safar hannu da ƙyallen rufe hanci, da manyan motocin kwasar shara, a ba su kwana 2 ko 3. Mai ɗaukar hoto yana bin ɓeraye da kyankyasai, yana daɗewa a kan abincin da ya ruɓe da mushen kyanwa da aka tono daga ƙarƙashin tsummoki. Ƴaƴa su yi kuka, uwa ta yi ihu a kan wani tsohon kwano, a yanke a sa talla. Kafin awa ta cika an nuna falo fes, an rubuta layi biyu a kan allo game da yadda aka ƙare.

Sha'awar wannan kallo ta girmi telebijin. A ranar 21 ga Maris 1947 wani ya buga wa ƴan sandan birnin Niyok waya cewa akwai gawa a wani gida a unguwar Harlem. Gidan wasu ƴan'uwa biyu ne, Homer da Langley Collyer, ƴaƴan likita, masu ilimi: babban ya karanta shari'a, ƙaramin gwanin kiɗan piyano ne. Ƴan sanda suka kasa shiga ta ƙofa saboda tarin kaya, sai ta tagar bene. Suka iske Homer, wanda ya makance tun 1933 kuma ya shanye, ya mutu a zaune. Aka baza neman Langley gari-gari, ana zaton ya gudu. Sai ranar 8 ga Afrilu aka same shi, bai fi taku kaɗan daga inda wansa ya mutu ba. Ya haƙa hanyoyi kamar na gafiya a cikin tarin jaridu, ya ɗana tarkuna saboda ɓarayi, ɗaya daga cikinsu ya rufto masa yana rarrafe zai kai wa wansa abinci. Makahon kuma ya zauna yana jira har yunwa ta gama da shi.

An fitar da kaya sama da tan 100 daga gidan, ciki har da piyano 14, littattafai fiye da dubu 25 da ƙarafan wata tsohuwar mota ƙirar Ford. Jama'a suka yi cincirindo a titi suna kallon abin da ake jefowa daga tagogi, jaridu suna buga lissafin kowace rana. Ba talauci ya kai su nan ba: a 1942, da banki ya so ƙwace gidan, Langley ya rubuta cak na dala dubu 6 da 700, dalar Amurka fa, ba dalar sefa ba, ya biya bashin a tashi ɗaya. Da aka tambaye shi dalilin tara jaridu, ya ce yana ajiye wa Homer ne domin ya karanta labaran da suka wuce shi ranar da idonsa ya buɗe. A cikin dukan labarin wannan magana ce ta fi nauyi, kuma ita ce irin wadda ba ta ɗaukuwa a hoto. Mai kallo ya ga bola, mai ɗaki kuwa alkawari ya ajiye.

Masana sun daɗe kafin su ba ciwon kujerarsa. A Faransa an fi jin sunan Diogène a kan tsofaffin da ke zaune cikin ƙazanta, suna da wasu likitocin Ingila suka raɗa a 1975, ko da yake masanin Girkan nan an san shi ne da ƙin mallakar kome, har ana cewa ya yar da moɗarsa da ya ga yaro na shan ruwa da tafin hannu. A 1996 Randy Frost da Tamara Hartl suka bayyana yadda ciwon ke aiki, sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a littafinta a matsayin cuta mai zaman kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a jerin cututtukan da ya fara aiki a 2022. Ana ƙiyasta cewa yana taɓa mutum 2 zuwa 6 cikin 100. Yakan fara tun ƙuruciya, tsakanin shekara 11 zuwa 15, ya riƙa ƙaruwa a hankali, sau da yawa ya tsananta bayan mutuwa ko rabuwar aure. Littafin likitocin ya kuma lura cewa ɗaki na iya zama a share alhali ciwon yana nan, in akwai dangi masu kwashewa. Saboda haka a babban gida mai mata da jikoki abin kan ɓuya a bayan tsintsiyar wasu, sai ranar da tsoho ya rage shi kaɗai.

Gindin ciwon yana wurin yanke shawara. A 2012 David Tolin, wanda shi kansa ya sha fitowa a shirin Hoarders, ya buga sakamakon wani gwaji: an sa masu ciwon cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ana nuna musu takardun banza, wasu nasu, wasu na mai gwajin, su zaɓi wadda za a yayyaga. A kan takardun wani, sassan ƙwaƙwalwar da ke auna muhimmancin abu suna kwance. Da an zo kan nasu sai su tashi fiye da kima. Kowace takarda ta zama shari'a, kuma ajiyewa ita ce hanyar ɗage zama. Maganin da Frost da Gail Steketee suka tsara yana cin zama 26, wasu a gidan majinyacin, inda shi da hannunsa yake koyon zaɓa da yarwa, abu ɗaya bayan ɗaya. Ko da haka da yawa sauƙi suke samu, ba warkewa ba.

To, wa zai zauna gaban telebijin wata shida yana kallon tsohuwa tana juya ambulan guda? Babu. Shi ya sa shirin ya zaɓi motar shara, wato ainihin abin da masanan ke gargaɗi a kansa, domin gidan da aka kwashe da ƙarfi yakan sake cika, mai shi kuma ya ƙara ƙin buɗe wa kowa ƙofa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Gaskiya ne shirin ya sa iyalai da yawa sun san cewa abin da ke damun uwarsu yana da suna, kuma masu shi suna biyan kuɗin wata kulawa bayan an tafi. Sai dai yardar mutumin da aka ce masa ko ka buɗe ƙofa ko ka rasa ƴaƴanka tana da wuyar kira yarda. Ya biya kuɗin shara da suturarsa, maƙwabta da abokan makarantar ƴaƴansa sun ga makewayinsa, hoton kuma yana nan a intanet bayan kowa ya manta da layi biyun ƙarshe. Sannan da yake mafi muni kawai ake nunawa, mai ƙaramin ciwo yakan duba ya ce nasa bai kai can ba, ya koma ya zauna.

Ingila ta riga Amurka da shekara 10. A 1999 tashar BBC ta nuna wani tsoho mai suna Edmund Trebus, haifaffen Polan a 1918, wanda ya yi yaƙi da sojojin Jamus kafin ya zauna a arewacin London. Ya cika gidansa da lambunsa da injunan share ƙura da ƙofofi da kekuna da fayafayan Elvis Presley, har matarsa ta bar shi, ya rage yana kwana a wani ɗan lungu. Hukumar gundumar Haringey ta samo izinin kotu, ta turo ma'aikata suka yi kwanaki suna kwasa, shi kuma yana tsaye da sandarsa yana jayayya da su a kan kowane katako. Ƴan kallo suka ƙaunace shi saboda kaifin bakinsa. Da masu hoto suka koma daga baya, sun iske ya ci gaba da jawo kaya daga titi. A 2001 aka kai shi gidan kula da tsofaffi, ya rasu a can a watan Satumba na 2002, yana da shekara 83.