Akwatin da ke ƙarƙashin teburina

Kwamfutar da nake rubuta wannan magana a kanta ta girmi wasu daga cikin yaran da ke zaune gabana a ajin farko na kwaleji. Dell OptiPlex 7010 ce, doguwar nan baƙa, ƙirar shekarar 2012. A 2016 na saye ta a nan Maradi, a hannun wani mai shigo da kayan ofis da Turawa suka gama ci da su, har da tabon wata takarda da aka ɓamɓare daga gefenta. Shekara biyar tana yi mini abin da na saye ta dominsa ba tare da gardama ba: tana buga takardun jarrabawa, tana ajiye makin ɗalibai, kuma a cikinta na tara muryoyin dattawan da na bi gida gida ina ɗaukar labarinsu a kan ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa aka tayar da garin daga fadama zuwa tudu. Da yawa daga cikin masu muryoyin nan sun riga mu gidan gaskiya. Ban taɓa kallon akwatin nan a matsayin abin wasa ba, kuma da wani ya ce mini wata rana zan kwashe abin da na ɓoye don gyaran soro in zuba a cikinsa saboda ƙwallon ƙafa na ƙarya, da na ce ya nemi tsari da shaiɗan.

Ɗana Laminu ne ya kai ni. A farkon 2021, yana ajin da ake rubuta BEPC, mahaifiyarsa ta lura canjin cefane ba ya cika. Ba mu sha wahalar bincike ba. A bayan layinmu akwai wani ɗaki mai rufin kwano inda samari ke biyan dala ashirin su buga wasan ƙwallo a talabijin, kuma nan yaron yake ƙarewa bayan sallar isha'i, alhali mu muna zaton yana bita gidan abokinsa. Na yi faɗa irin na malamin makaranta, wato mai tsawo kuma marar amfani. Da na gaji, sai na tambaye shi abin da ya kamata in fara tambaya: me ya hana shi yin wasan a gida, ga kwamfuta a ajiye? Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ba ta iya ɗauka.”

Na ce ya nuna mini. Tsohon wasan nan PES 2013 ya tafi sumul. Da ya buɗe PES 2021 kuwa, wanda kamfanin Konami na Japan ya fitar a 2020, sai na ga ƴan wasa suna tafiya kamar masu tsallake kwata: mutum yana nan, ka ƙifta ido, yana can, ƙwallo ta riga ta wuce. Laminu ya yi mini bayani, a hankali kamar yadda nake yi wa ɗalibi mai nauyin fahimta, cewa motsin da ido ke gani jerin hotuna ne tsayayyu da ke bin juna da sauri. Silima tana nuna 24 a kowace daƙiƙa. Mai wasa yana son 60, yana haƙuri da 30. Tamu ba ta kai 15 ba. A daren muka yi alkawari: in ya ci jarrabawa kuma ya daina zuwa ɗakin kwano, zan gyara ta. Ya ci. Sai bashi ya hau kaina.

Kuskurena na farko na tunani ne. Na ɗauka tsufa cuta ɗaya ce da ke kama jiki gaba ɗaya, don haka ko dai a sayi sabuwa, abin da albashina bai yarda ba, ko a canza ƙwaƙwalwar, tunda a ganina duk wani jinkiri daga kai yake farawa. Na kai akwatin wurin wani tsohon ɗalibina da ke gyaran waya da kwamfuta kusa da babbar kasuwa. Ya kwance murfin, ya leƙa, ya yi dariya. “Mushe, ai ƙwaƙwalwar nan lafiyarta lau. Jakin yana da ƙarfi, amalanken ce ba ta da ƙafa.” Intel Core i5-3470 ce, mai zuciya huɗu, kuma ita ce daidai wadda masu wasan suka rubuta a matsayin mafi ƙarancin abin da ake bukata. Abin da ya gaza wurare uku ne, kuma ya nuna mini su da bakin sukurdireba. Ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, wadda suke kira ram, giga 4 ce kawai, wasan kuwa yana neman 8. Ita kamar tabarmar mai talla ce, in ta yi ƙanƙanta sai ya riƙa komawa ɗaki ɗauko kaya duk lokacin da mai saye ya tambaya. Rumbun ajiya tsohon faifai ne mai juyawa. Na uku, wanda shi ne uwa uba, babu katin hoto ko kaɗan: ɗan abin zanen da ke cikin ƙwaƙwalwar, HD Graphics 2500, an yi shi ne don wasiƙu da lissafin ofis.

Biyun farko ba su ba mu wuya ba. Muka sa sanda biyu na ram iri ɗaya, DDR3, giga 4 kowace, domin in sun zo biyu masu kama da juna hanya biyu suke buɗewa. Muka sayi rumbun zamani marar juyawa, SSD mai giga 240. Kwamfutar da ke ɗaukar tsawon shan shayi kafin ta farka sai ta koma tashi kafin in gyara zama. Amma Laminu ya gargaɗe ni tun kafin in yi murna: wannan yana gaggauta buɗewa ne, ba ya ƙara yawan hotuna a fili.

A wurin kwashe kaya daga tsohon faifai zuwa sabo ne gabana ya faɗi. Mai gyaran ya buɗe wata ƴar manhaja da ke duba lafiyar faifai, sai ta nuna launin rawaya. Wasu gurabe sun riga sun mutu, kuma biyu daga cikin muryoyin dattawan sun ƙi kwafuwa, ɗaya ta wata tsohuwa ce da ta ba ni labarin yadda suka kwana a kan tudu da awakinsu. Sauran sun tsira. Na zauna a bencin shagon ban ce komai ba. Shekara biyar ina ajiye amanar mutane a wuri ɗaya tak, ni da nake yi wa ɗalibai wa'azin adana tarihi, kuma abin da ya sa aka duba faifan kafin ya mutu gaba ɗaya shi ne wasan da na kira shiririta.

Katin hoto shi ne ya zame mana dutse. Ba kowane ne zai shiga ba, domin akwatin wutar da ke cikin irin wannan kwamfuta wat 275 kawai yake bayarwa, kuma ba shi da igiyar da manyan katuna ke sha da ita. Dole a nemi wanda ramin da ake soka shi zai iya ciyarwa shi kaɗai, wato wanda bai wuce wat 75 ba. Sunan da yaran biyu suka yi ta maimaitawa shi ne GTX 1050 Ti na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2016 a kan dalar Amurka 139. Sai dai mun shigo kasuwa a mugun lokaci. A 2021 duniya tana fama da ƙarancin ƙananan sassan lantarki bayan annobar korona, masu haƙar kuɗin intanet kuma suna kwashe katunan hoto da kwali kwali, har kamfanin ya sake fito da wannan tsohon kati a farkon shekarar don ya toshe giɓi. Abin da ya shekara biyar a kasuwa sai ya fi ranar haihuwarsa tsada. Ban taɓa zaton abin da wani ke yi a ɗakin sanyi a Sin ko Amurka zai taɓa aljihun malami a Maradi kai tsaye haka ba.

Nan na yi kuskure na biyu, kuma girman kai ne ya jawo shi. Na so in ba yaron mamaki, na tafi ni kaɗai. Wani ɗan kasuwa ya fito mini da kati a cikin kwali mai ƙyalli, sunan a rubuce ɓaro ɓaro, a kan jika 35, kusan rabin abin da ake faɗa. Har na ƙara jin daɗi da na ga yana da shuɗin ramin nan na VGA, irin wanda tsohon allona ke amfani da shi. Na kawo gida ina taƙama. Laminu ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallon wannan ramin, na ga yana neman hanyar da zai faɗa wa ubansa magana ba tare da ya kunyata shi ba. Daga ƙarshe ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, na gaskiyar ba ya zuwa da wannan.” Haka ne kuwa: katunan wannan zuriya sun bar VGA. Da aka soka shi aka buɗe manhajar GPU-Z, sai ta rubuta kusa da sunansa cewa jabu ne. Tsohon kati ne na wajen 2010 aka sauya wa suna a cikinsa. Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ranar nan ni ne a gindin rimin. Mai kayan ya rantse shi ma haka aka sayar masa, kuma na yarda da shi. Bayan an sa baki ya mayar mini da jika 25.

Na gaskiyar daga Kano ya zo, wanda aka yi amfani da shi, ta hannun tsohon ɗalibin nawa, bayan mako uku. Muka ƙara da ƴar mahaɗa da ke juya HDMI zuwa VGA saboda allon. Laminu ne ya soka shi da hannunsa, bayan ya taɓa ƙarfen akwatin don ya sauke wutar jikinsa, ni kuwa ina riƙe da tocila. Lambar da ke kusurwar allo ta hau 60 ta tsaya.

Ta tsaya har bazara. A watan Afrilun 2022, lokacin da zafin Maradi ke wuce digiri 40 a inuwa, sai wasan ya fara sanɗa bayan minti ashirin, fanka tana kuka kamar injin niƙa. Na ce a raina an sake cutarmu. Yaron bai yi zato ba, ya auna: ƙwaƙwalwar tana kusan digiri 100, kuma in ta kai nan da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Da muka cire fankar, ƙurar hunturu ta yi kirtani a tsakanin haƙoran ƙarfen kamar auduga, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya kuwa ya bushe ya zama kamar alli, shekara goma ba a taɓa shi ba. Buroshin fenti, da famfon busa taya, da ɗigon sabon mai kamar ƙwayar wake: wannan gyara, mafi arha a cikinsu duka, ya sauke zafin da fiye da digiri 20. Tun daga nan muka ɗaga akwatin daga ƙasa muka ɗora a kan bulo biyu, kuma duk ƙarshen hunturu ana buɗe shi.

Akwai abin da sukurdireba ba ta gyarawa. Daga watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, akwatin ya fi zama a kashe, kuma in wuta ta zo ni nake riga kowa, don takardun makaranta. Sannan a ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, Windows 11 kuwa ba ya karɓar ƙwaƙwalwar Intel ta zuriya ta uku irin tamu. Daga ta takwas yake farawa. Sababbin wasannin ƙwallo ma sun wuce ƙarfinta. Mun kai inda ƙari ba zai yi amfani ba, domin duk abin da za a canza yanzu sai ya ja uwar allon da akwatin wuta sun bi shi, kuma wannan sayen sabuwa ne da wani suna.

Laminu yana jami'a a Yamai, yana karatun lissafi. Ban ce wasan ne ya kai shi ba, kuma ban manta da canjin cefanen ba. Da ya zo hutun da ya wuce ya taho da ƴar kile a aljihu, ya ce zai sa wa kwamfutar Linux don ta ƙara wasu shekaru tana aikin rubutu. Na ce ba zai taɓa komai ba sai ya kwafe muryoyin dattawa a wuri na uku, ban da biyun da nake da su. Ya yi, na saurari uku daga ciki don in tabbatar. Kafin ya goge tsohon tsarin sai ƙanwarsa Hadiza ta roƙi a bar ta ta buga wasa ɗaya na ƙarshe, kuma ta ce da ni za ta buga. Na karɓi abin riƙewar a karo na farko, na tambayi Laminu wane maɓalli ne na bugu. Kafin ya gama nuna mini ta ci ni biyu.