Littafin Alƙali da Gonar Goggo

Goggona, yayar mahaifina, ba ta yi karatun boko ba, amma ta san an taɓa rubuta sunanta a littafin alƙali. Da wannan sanin ta tsaya kai da fata lokacin da 'ya'yan ƙaninta suka ce gonar da ke bakin rafi ta ubansu ce. Shi marigayin ne yake noma ta tun muna yara, duk kaka ya aiko mata da dawa da gyaɗa cikin birni inda take aure. Da ya rasu aike ya tsaya, aka fara maganar yanka filaye. Yaran suna ta ambaton hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum har ya zama hujja. Wani malamin unguwarmu ya warware mana cewa a Malikiyya hauzi tsakanin bare shekara 10 ne, tsakanin dangi kuwa ana kai shi 40, kuma ba ya cin abin da aka riƙe bisa amana. To amma wa zai shaida amanar? Dattawan da suka halarci rabon gadon duk sun riga mu gidan gaskiya.

Ta ce mini, "Ɗan nan, je ka nemo takardar. Alƙali ne ya raba, a gabana aka rubuta." Wannan ya faru ba da jimawa ba bayan zaɓen 2011.

Tambayar farko da magatakardan kotun ya yi mini ita ce lambar ƙara. Ba ni da ita. Shekara fa? Ita ma babu. Sunan alƙali? Goggo laƙabinsa kawai ta riƙe. Mutumin bai kore ni ba, ya dai nuna mini cewa littattafai da shekara ake jera su, ba da sunan magada ba, kuma kotun kanta ta sha sauya riga. Kafin 1968 kotun alƙali ce a ƙarƙashin En'e. A zamanin Gwamna Audu Bako aka mayar da irinta kotunan yanki a hannun gwamnatin jiha. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano, a 2000 kuma aka koma kotunan Shari'a. Kowane sauyi yakan zo da kwashe kaya daga wannan ɗaki zuwa wancan, kuma takarda ba ta son yawan ƙaura.

Na koma gida na zauna gaban Goggo muka shiga lissafi irin na tsofaffi. Ta ce an gama yaƙin basasa, domin ɗan maƙwabcinsu soja ya dawo har ya raka su kotu. Ta ce kuɗin da aka biya fam ne da sule, ba naira ba. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, naira ta fito a farkon 1973. Ta ƙara da cewa lokacin motoci ba su canja hannu ba, canjin hannu kuwa a Afrilun 1972 aka yi shi. Ashe tsohuwar da ba ta san kalanda ba ta killace mana abin cikin shekara biyu da 'yan watanni. Har yau ina jin daɗin tuna wannan zaman.

Aka haɗa ni da wani tsohon masinja da ya kusa ritaya, shi ne mai riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya. Ɗaki ne mai ƙaramar taga, warin jemage da ƙura sun cika shi, littattafai masu baƙin bango an tara su tun daga ƙasa, wasu an ɗaure da tsumma. Rufin ya taɓa yoyo, domin na ga jerin da ruwa ya manne shafukansa suka zama dunƙule. Baba masinja ya san ɗakin kamar yadda manomi ya san iyakar gonarsa. Yakan ɗaga littafi ya kaɗe, ya dubi rubutun kawai ya ce wannan hannun muhuti wane ne, ba zamaninku ba ne. Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki, kuma ban ga wanda yake koya daga gare shi ba.

A littafin 1971 muka same ta. Da Hausar boko aka rubuta, da alƙalamin tawada, sai nassoshi da Larabci. Ga sunan kakanmu, ga tarikarsa an lissafa: gida, gonaki, jaki, har da buhunan gero. An fitar wa matarsa tumuni, aka raba saura namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Gonar bakin rafi ta faɗa wa Goggo, an ambaci maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa. Sannan ga layin da ya sa na zauna a ƙasa: alƙali ya tambaye ta wa zai kula mata da ita tunda tana gidan miji, ta ce ƙaninta, shi kuma ya amsa ya karɓa amana. An yi musu i'izari, kowa ya ce ba shi da sauran magana. A ƙasa ga dangwalen babban yatsanta, tana matashiya.

Shafin da ke biye da namu gara ta cinye rabinsa. Ƙarar wata mata ce a kan gida. Sunanta ya tsira, hukuncin ya tafi.

Na so in ɗauki hoto da waya in wuce, wani abokina lauya ya hana ni. Ya ce in magana ta yi nisa har aka ɗaukaka ƙara, ba abin da zai tsaya sai kwafin da kotu ta tabbatar. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 104, ta faɗi siffarsa: a biya kuɗin da aka ƙayyade, jami'in da ke riƙe da takardar ya rubuta a ƙasa cewa kwafin gaskiya ne, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi. Na rubuta takardar neman kwafi, na biya, na karɓi rasit. A bakin ƙofa akwai masu cewa kawo a taya ka a gaggauta. Duk wanda bai san akwai kuɗin hukuma mai rasit ba, a hannunsu yake ƙarewa, kuma yawanci mata ne da mutanen ƙauye.

Wannan ne ya fi ci mini rai. Mutanenmu suna shiga kotu a sunkuye, suna ganin takardar shari'arsu alfarma ce da za a roƙa. Alhali sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a bainar jama'a ake shari'a, kuma wanda aka yi wa shari'ar laifi yana da haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7. A watan Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai nema, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Jihohi da dama suka ce ba ta hau kansu ba, aka yi ta jayayya har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau. Sai dai doka tana ba ka ikon neman abin da yake nan ne. Ranar 1 ga Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ɓata-gari sun fasa Babbar Kotun Kano da ke sakatariyar Audu Bako suka yi awon gaba da takardu. In haka ta samu babbar kotu a tsakiyar birni, ina ga ɗakin Baba masinja? Ga Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House a Kaduna, ga matasa masu kwamfuta suna zaman banza. Ɗaukar hoton waɗannan littattafai shafi-shafi bai fi ƙarfin kowace jiha ba.

Maganarmu ba ta kai ga zaman shari'a ba. Da kwafin ya fito, Goggo ta ce a tara yaran a zauren gidan kakanmu, a karanta musu. Da aka zo kan amsar ubansu, babban cikinsu ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggo, wallahi ba mu sani ba." Na yarda da shi, domin ba a haife shi ba lokacin. Ta bar musu noman gonar kamar da, aka rubuta sabuwar yarjejeniya a gaban mai unguwa, kowa ya riƙe kwafi.

Tun daga nan mutanen unguwa sukan zo in raka su. Ta baya-bayan nan wata bazawara ce da ke neman hukuncin rabon gidan mahaifinta. Baba masinja ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya duba iya ƙoƙarinsa, littafin shekarar bai fito ba. Ƙararta tana gaban alƙali har yanzu, an ce ta kawo shaidu.