Hayaƙi Kaɗan a Cikin Kofi

Da yawa cikin masu karanta wannan ba sa kusantar barasa, kuma ba gayyatar kowa nake yi ba. Ina so ne in faɗi abin da harshena ya ji a cikin wiskin Armorik Triagoz, wanda kamfanin Warenghem ke yi a garin Lannion, a yankin Biritani na Faransa.

Hayaƙin da ake magana a kai ba daga wuta a ƙarƙashin tukunya yake zuwa ba. Sha'ir ake jiƙawa har ya yi tsiro, kamar yadda ake yi wa dawa, sannan a busar da shi. A Sikotilan wasu suna busarwa da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama, ruɓaɓɓen ciyayi da ya danne shekaru dubbai, Faransawa suna ce mata tourbe. Wiskin tsibirin Islay, irin su Ardbeg da Laphroaig, hayaƙinsu na cika baki har ka rasa ɗanɗanon komai sai shi.

Wannan ba haka yake ba. Da na kai kofin hanci, ƙamshin tuffa da zuma ne suka fara isowa. Hayaƙin sai daga baya, siriri, kamar warin rigar wanda ya zauna kusa da mai banda kifi ya taso. A baki akwai ɗan gishiri, da zafin barkono da ke kwantawa idan ka ɗiga ruwa kaɗan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan taka tsantsan. Faransa na cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen wiskin Sikotilan, ga ta kuma da sha'ir mai yawa, amma sai a 1987 Warenghem ya fitar da wiskinsa na farko, Armorik kuma a 1998. Ƙanen da ya zo a makare yakan yi ƙoƙarin fin yayansa ƙara. Da sun cika hayaƙin, da an ce kwaikwayo ne kawai. Da suka rage shi, sai aka ji hatsin da kuma katakon gangar, inda doka ta ce dole wiski ya kwana aƙalla shekara 3.

Mai neman hayaƙin Islay zai ce wannan ya yi sanyi. Ni kuwa na ajiye kofin babu komai a ciki, bayan rabin awa na ɗauka na shinshina, ƙamshin tuffar na nan.