Hannu Ɗaya da Jinkar Taurari

A shekarar 1941 wani marubuci Ba'amurke mai suna Wilson Tucker ya nemi sunan da zai muzanta wani nau'in labari da ya cika mujallun araha na zamaninsa: labaran jiragen yaƙi masu ratsa sararin samaniya, da dauloli masu mulkin taurari, da gwaraza masu ceto duniya kafin a kai shafin ƙarshe. Sai ya aro laƙabin da ake yi wa wasannin rediyo na soyayya da rikicin cikin gida, waɗanda kamfanonin sabulu ke ɗaukar nauyinsu domin matan aure, ya manna wa waɗannan labarai. Nufinsa a ɗauke su a matsayin tarkace. Sunan ya bi almarar daulolin taurari har yau, sai dai dafin zagin ya daɗe da sanyi. Wani abin mamaki kuma, abin da ya ba wannan adabi sabon rai daga baya shi ne ainihin abin da Tucker ya raina, wato zancen aure da haihuwa da zumunci da kewar gida. Marubutan da suka sa mace a tsakiyar labari suna da kaso mai tsoka a wannan sauyi.

A farkon lamarin, mace kaya ce da ake sacewa a kuma ƙwato. A littafin The Skylark of Space na E. E. Smith, wanda mujallar Amazing Stories ta buga a 1928, mugu ya sace Dorothy, budurwar masanin kimiyya Richard Seaton, shi kuma ya bi sawunsu cikin taurari. Smith bai yarda da alƙalaminsa a fagen soyayya ba, don haka wata mata mai suna Lee Hawkins Garby ce ta taimaka masa da waɗannan sassa. Rabon aikin ya nuna tunanin zamanin: injuna da yaƙi na namiji ne, zuciya kuma ɗan gishiri ce da ake barbaɗawa a ƙarshe.

Wanda ke son ganin abin da aka samu da aka rushe wannan rabo, ya duba Barrayar na Lois McMaster Bujold, wanda ya fito a 1991 ya kuma ci lambar yabo ta Hugo a 1992. Cordelia Naismith tsohuwar kyaftin ɗin jirgin bincike ce daga duniyar Beta, inda kimiyya ta yi nisa. Ta auri Aral Vorkosigan, babban soja a Barrayar, duniyar sarauta da takobi, wanda aka ɗora wa riƙon mulki saboda sarki yaro ne. Tana da ciki aka kai musu hari da iska mai guba. Maganin da ya ceci ranta ya lalata ƙasusuwan ɗan da ke cikinta, sai aka mayar da tayin cikin wata na'ura da ke aikin mahaifa. Surukinta ya so a zubar da shi, domin a Barrayar naƙasa abin kunya ce ga gidan sarauta. Ana cikin haka wani basarake, Vordarian, ya yi juyin mulki, na'urar kuma ta faɗa hannunsa. Aral ya ƙi tura sojoji su ƙwato ta, domin ba zai fifita ɗansa a kan 'ya'yan mutane da ake garkuwa da su ba. Cordelia ta saɓa masa, ta kutsa babban birni da mutum uku, ta dawo da na'urar, ta kuma dawo da kan Vordarian a cikin jaka.

Ƙarfin littafin yana cikin yadda ya ɗinke abu biyu da aka saba rabawa. Yaƙin basasar daula da makomar tayi guda sun zama tambaya ɗaya: wane rai ne ya cancanci a kashe masa dukiya da jini, wa kuma ke da ikon yanke hukuncin? Mai karatu ba ya iya riƙe rayuka miliyan a zuciyarsa, amma yana iya riƙe jariri ɗaya da na'urarsa ke dab da ƙarewar abinci. Ta wannan ƙaramar ƙofa ce siyasar Barrayar baki ɗaya ke shiga, da tsoronta na naƙasa da bautarta ga soja. Bujold ta kuma yi adalci ga Aral: hujjarsa tana da nauyi, kuma littafin bai mayar da shi wawa don matarsa ta haskaka ba.

Arkady Martine, wadda masaniyar tarihin daular Rumawa ta Gabas ce, ta bi wata hanyar a littafinta A Memory Called Empire na 2019, wanda shi ma ya ci Hugo a 2020. Mahit Dzmare jakadiya ce daga Lsel, ƙaramin matsuguni a sarari mai mutum kusan 30,000, zuwa Teixcalaan, daular da ke haɗiye maƙwabtanta. Ta isa ta tarar wanda ta gada ya mutu, kuma na'urar da aka dasa mata a ƙwaƙwalwa mai ɗauke da tunaninsa ta tsufa da shekara 15, daga baya ma ta yi shiru. Babban ciwon Mahit shi ne tun tana yarinya take son harshen daular da waƙoƙinta, ta haddace su, tana mafarkin a karɓe ta, alhali ta san manyan birnin za su ci gaba da kallonta a matsayin baƙauya mai ƙoƙari. Duk wanda ya yi karatun boko har ya ƙware a Turanci ko Faransanci fiye da yadda yake rubutu da harshen uwarsa, ba ya buƙatar a fassara masa wannan ciwo. Labarin da ya tsaya ga lissafin jirage da makamai ba zai iya nuna shi ba, domin mamayar da ake magana a kai tana faruwa ne a cikin ƙirjin mutum ɗaya.

To amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dabarar da ke kusanto da sararin samaniya zuwa ga zuciyar mai karatu ita ce kuma ke tsuke shi har ya zama daidai da tsayin jarumar. Misali mafi zafi yana cikin Binti na Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka. Gajeren littafin ya fito a 2015, ya ci Hugo da Nebula. Binti 'yar shekara 16 ce daga ƙabilar Himba, gwanar lissafi, wadda ta sulale daga gida ba da sanin iyayenta ba don zuwa jami'ar Oomza a wata duniya. Jan yumɓu da mai da take shafawa a jiki da gashi, wanda fasinjoji ke kallo da raini, shi ne ya zama magani ga raunukan Meduse, halittun da suka far wa jirgin. Kyan wannan dabara a bayyane yake: abin da aka ce ƙauyanci ne ya zama mabuɗin sulhu.

Sai dai Meduse sun kashe kowa a jirgin in ban da Binti da matuƙi, har da sababbin ƙawayenta da suke cin abinci tare. Dalilinsu shi ne jami'ar ta ajiye ƙarin shugabansu a gidan tarihi. Binti ta shiga tsakani, aka mayar da ƙarin, aka ma karɓi ɗaya daga cikin maharan, Okwu, a matsayin ɗalibi. Labarin ya rufe da nasarar Binti, kuma babu wani zama na gaske da aka yi kan jinin matasan da aka zubar. Iyayensu suna can, amma idon labarin ɗaya ne, yana kan yarinya ɗaya, don haka mutuwarsu ta koma matakalar da ta taka zuwa girma. Okorafor ta koma kan batun a littafi na biyu, Home, na 2017, inda Binti ke fama da firgici da fushi. Wannan gyara ne mai muhimmanci, ko da yake har a nan raunin da ake jinya nata ne.

Aibi na biyu shi ne jarumar da ba ta kuskure. David Weber ya fara jerin littattafan Honor Harrington a 1993 da On Basilisk Station, yana bin tsarin labaran sojan ruwa na Horatio Hornblower da C. S. Forester ya rubuta. Sanya mace a kujerar kyaftin ɗin jirgin yaƙi, ba tare da neman afuwa ba, ya faranta wa masu karatu da yawa, kuma da hujja. Honor ta rasa ido da hannu da masoyi a tsawon jerin, don haka ba za a ce ba ta biya farashi ba. Matsalar tana ga hukuncinta, wanda kusan kullum yake fitowa daidai. Masu adawa da ita a cikin gida yawanci matsorata ne ko lalatattu ko 'yan siyasa marasa kishi. A littattafai fiye da goma ta tashi daga kwamanda zuwa babbar hafsa mai sarauta, kuma a hankali halin kowa ya koma ana auna shi da ma'auni guda: yana sonta ko yana ƙinta. Ko Cordelia ba ta tsira sarai ba, domin a muhawara tsakanin wayewar Beta da al'adar Barrayar, sau da yawa marubuciyar tana tsaye a bayanta tun kafin a fara.

Akwai dalilin da ya sa wannan tarko ya fi kama jarumai mata. Marubucin da ya san an daɗe ana mayar da mace ado a irin wannan adabi yakan ji tsoron ba ta rauni na gaske, kada a ce ya tabbatar da tsohon zargi. Sai ya ba ta aibin da ba ya zubar da mutunci, kamar yawan gaskiya ko tsananin sadaukarwa. An bar jarumai maza sun yi son kai da zalunci da wauta, masu karatu kuma suka bi su. Hana mace wannan dama wani salon raini ne da ya sa rigar girmamawa. C. J. Cherryh ta nuna ba dole ba ne: Signy Mallory, kyaftin ɗin jirgin yaƙi a Downbelow Station na 1981, mace ce mai taurin zuciya da ke aikata abin da mai karatu ba zai yafe cikin sauƙi ba, kuma ɗaya ce kawai daga cikin idanu da yawa da ake kallon yaƙin ta cikinsu.

Mai karatu zai iya auna irin wannan littafi da tambayoyi biyu. Idan jarumar ta fita daga ɗaki, mutanen da ta bari suna da wata rayuwa da ba ta shafe ta ba? Idan kuma ta yi gaskiya, akwai wani mai hankali a labarin da ya ga akasin haka bisa hujja? Barrayar ya tsallake ta biyu saboda Aral. Littafin Martine ya tsallake ta da Three Seagrass, jami'ar daular da ke ƙaunar Mahit da gaske amma ba ta daina ganinta a matsayin bare ba, ko da yake talakawan Lsel da Mahit ke wakilta kusan ba a jin muryarsu. Binti na farko ya yi tuntuɓe a tambaya ta farko.

Maganar ta wuce nishaɗi. Labarai suna koya wa mutane yadda ake ƙirga matattu, wa ake kira da suna, wa kuma ake tarawa cikin adadi. Almarar da ta sa mace a gaba ta yi babban aiki da ta shigar da ciki da raino da harshe da kewar gida cikin abin da ake kira tarihin dauloli. Bashin da ya rage a kanta na fasinjojin da ke zaune kusa da jarumar ne a teburin cin abinci, waɗanda su ma sun baro gida da jakarsu da burinsu.