Zuwa ga Yaya a Randagi, daga Guangzhou

Ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Ya damina? Allah ya sa masara ta yi kyau.

Na ji saƙon Inna, wai na rame a hoton da na turo. Ka ce mata ina cin abinci, irin abincin ne dai sai a hankali.

A bakin layinmu, nan unguwar Xiaobei inda baƙaƙen fata suka fi yawa, akwai wani shagon burodi na Sinawa. Gilashi tas, fitilu ko'ina, kai ka ɗauki faranti ka zaɓa da kanka. Burodin kuwa iska ce da sukari. Ka matse shi a tafin hannu ya koma loma ɗaya, kafin hantsi yunwa ta dawo. Wani an cusa masa jan wake da aka dama da sukari. Wake da sukari, Yaya! Wani an barbaɗa masa abu kamar dambun nama, kuma dambun ne, amma na alade. Wani ɗan Kano da ya daɗe a nan shi ya ja min kunne tun zuwana, ya ce wasu ma da man alade ake kwaɓa su.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yarinyar da ke karɓar kuɗi. Ka shiga, ba sannu da zuwa. Ka gaishe ta da ɗan yarensu da ka koya, idonta na kan waya. Ta nuna maka da yatsa zanen da ake haskawa da waya, ka biya ta WeChat, ta turo maka leda ba ta ɗago ba. Ka tambaya ko da alade a ciki, ta kaɗa hannu, ba ka san a'a take nufi ba ko matsa ka ba na baya wuri. Kullum haka, safe da yamma, alhali ta san fuskata sarai. Mai shayin bakin kasuwarmu, ko bashinsa kake ci, sai ya tambayi ƙafar Inna kafin ya tambayi kuɗinsa. Mutumin da Allah ya kawo masa ciniki har ƙofa ya kasa buɗe baki ya ce madalla, ina albarka za ta shiga wannan dukiya? Ranar nan na fito ina ta sababi ni kaɗai a titi.

Da farko na ɗauka don fatata ce, kuma ba zargin banza ba ne, don waɗanda suke nan a Afrilun 2020, lokacin korona, suna ba da labarin yadda aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya. To amma na ga tsohuwa 'yar ƙasarsu da sanda, ita ma ledar aka turo mata. Yarinyar a tsaye take tun safe har dare. Wataƙila ita ma daga wani ƙauye ta zo neman kuɗi, irin waɗanda sai bikin sabuwar shekararsu suke ganin gida. Ina so in san me take kallo a wayar nan haka.

Gaskiya dai, ba ta taɓa cutata ko ƙwandala ba, farashin da ke rubuce shi za ka biya. Wuta ba ta ɗaukewa. Kuma idan ta rufe shago da dare, ita kaɗai take takawa gida, ba mai tare ta. Wannan kam idan na gani sai in tuna shekarun da gonarmu ta bakin daji ta yi ba wanda ya isa ya shiga, da yadda ake jiran sojoji kafin a bi hanyar Kaduna. Na san tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2024 an buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, kuna cewa in dawo. Amma kuɗin takin bana daga ina ya fito, Yaya? Ba daɗi nake ji a nan ba.

Ran Juma'a nakan je masallacin da ake cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yana wurin. Musulminsu suna amsa sallama da fara'a, kuma gurasar Uygurawa ta fi burodin can nesa ba kusa ba. Sai dai 'yan uwanmu da suka daɗe a garin nan gaisuwarsu ta gajarce, kana tambayar iyali suna duba agogo. Ku sa ni a addu'a kada in dawo muku haka.

Akwai mai tahowa daga Kano baje kolin Canton da ake yi a nan garin a Oktoba. Idan an samu mai zuwa Kano, Inna ta ba shi kuka da daddawa da yaji ya kai masa ya taho min da su. A gaida Kawu da jiki.

Naka, ƙaninka.