Ranar Awon Yara a Wani Asibitin Karkara

Tun kafin hantsi na isa ƙaramin asibitin, a wani ƙauye na jihar Kano. Tsakiyar damina ce, lokacin da gero ya yi kore shar a gona amma rumbu ya kusa ƙarewa. A bakin ƙofa, masu ƙosai da kunu sun kafa sansani, 'yan acaɓa kuma sun jingina baburansu a gindin darbejiya.

Da shigata na tarar da rumfar kwano cike da mata a kan tabarmi, kowacce da goyo. Na ƙirga har hamsin, na daina. Maza ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

A teburin farko, malamar asibiti tana zagaya wani siririn ma'auni mai launi uku a damtsen kowane yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a sa ido, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Daga nan sai sikeli, sai ɗakin da ake raba wani haɗin gyaɗa, madara, mai da sukari a 'yar leda mai giram 92. Yaro na tsotsarsa kai tsaye, ba girki, ba damawa.

Na tambayi wata dattijuwa da ta kawo jikanta: "Inna, nawa kika biya?"

"Ko sisi, ɗan nan," in ji ta. "Kuɗin mashin ne ke karya mu." Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ta ce, zuwa da komawa na cinye kuɗin cefanen yini, shi ya sa na nesa kan yi fashin mako.

A ƙofar sito na iske wani matashi daga wata ƙungiyar farar hula yana ƙirga kwalaye yana rubutawa. Lissafin, a cewarsa, majalisar dokokin jiha suke kai wa idan an zo sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi. Ya tuna mini cewa tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kuma dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 sai a 2023 Kano ta samu tata. "Malam, sa kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban," in ji shi. "Mu na biyun muke bibiya."

Da azahar rumfar ta watse. Na ga dattijuwar ta ƙulle ledojin mako guda a bakin zaninta, ta gyara goyo, ta wuce 'yan acaɓan, ta kama hanyar gona da ƙafa.